Kira ga Hukuma: A Sama Mana Ƙofar da Za Mu Buga Idan Takardunmu Sun Ɓace a Intanet

Zuwa ga Mai Girma Ministan da ke kula da harkokin fasahar zamani na Jamhuriyar Benin, da shugabannin hukumar tsare-tsaren kwamfuta da fasahar zamani ta ASIN da hukumar kare bayanan mutane ta APDP, da Prefen Borgou da na Donga, da Magajin Garin Parakou da na Djougou.

Ina rubuto wannan takarda ne daga unguwar Kpébié a Parakou, da bakin mutanen da ba su saba rubuta wa hukuma ba: sakatarorin makarantu masu zaman kansu, magatakardan ƙungiyoyin manoman auduga da kashu, masu riƙe da littafin adashen mata, ma'aikatan ƙananan asibitoci, da yaran da ke buga wa mutane takardu a shagunan kwamfuta. Kukanmu a kan abu ɗaya ne. Fayil ya goge daga ma'ajiyar intanet da mutane da yawa ke aiki a cikinta, a je a danna maɓallin maido da shi, ya ƙi dawowa, sannan a duba gabas da yamma a rasa wanda za a kai wa ƙara.

Ranku ya daɗe, adalci ne mu fara da godiya. Mun ga rajistar jama'a ta RAVIP da aka fara a 2017, wadda ta kai ga kowa ya samu lambarsa ta shaida a hannun hukumar shaidar mutane ta ANIP. Mun ga dokar fasahar zamani mai lamba 2017-20 da aka sa wa hannu ranar 20 ga Afrilu 2018. Mun ga shafin service-public.bj, inda mutum ke neman takardar shaidar rashin laifi daga wayarsa, alhali a da sai ya ɗauki ƙafa ya koma kotun yankin da aka haife shi. Iyaye suna duba sakamakon jarrabawar 'ya'yansu ba tare da cunkoso a bakin allo ba. An kafa ASIN a 2022, an gina cibiyar adana bayanai ta ƙasa a Abomey-Calavi. Mu da ke zaune sama da kilomita 400 daga Kwatano mun fi kowa sanin darajar wannan, domin kuɗin mota da kwanan tasha da ya rage mana ba kaɗan ba ne.

To amma da gwamnati ta kama wannan hanya, jama'a ma sun bi bayanta, kuma sun bi ba tare da jagora ba. Yau da wuya ka shiga makaranta ko ofishin ƙungiya a Parakou ko Djougou ka tarar ba a ajiye komai a Google Drive ko OneDrive ko makamantansu ba. Jerin sunayen ɗalibai da makinsu, lissafin wanda ya karɓi taki bashi da wanda ya biya, hoton takardar sayen fili, sunayen maniyyata da kwafin fasfonsu, duk suna can. Yadda abin yake faruwa kuwa kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Wani matashi mai ɗan sanin kwamfuta ya buɗe folda da adireshinsa na Gmail, ya raba wa shugaba da ma'aji da sakatare, kowa yana shiga yana gyarawa, kowa yana jin daɗi. Ba wanda ya tsaya ya tambaya: wannan folda ta waye, kuma ranar da abu ya goge, wa ke da ikon dawo da shi?

Ina so in ɗan tsaya a kan yadda abin yake aiki, domin a nan matsalar take, kuma roƙonmu duka daga nan ya taso.

Idan aka goge fayil, yana faɗawa kwandon shara ne ya jira. Jiran yana da wa'adi. A Google Drive, tun daga Oktoba 2020, duk abin da ya kwana 30 a kwandon yana tafiya da kansa. A OneDrive na mutum ɗaya kwana 30 ne, na ma'aikata da makarantu kuwa kwana 93. Dropbox na kyauta shi ma kwana 30. Wanda ya goge fayil a ƙarshen zangon karatu, aka tafi hutu, aka dawo ana neman makin yara, ya riga ya makara tun kafin ya san an yi asara. Ƙungiyar manoma da ba ta buɗe lissafin bashin taki sai lokacin awon auduga ita ma haka.

Na biyu, kuma wannan ne ya fi cin mutane, kwandon shara na mai fayil ne. A Drive ɗin mutum, wanda ya ƙirƙiri fayil shi ne mai shi, ko da mutum ashirin ke aiki a ciki. Idan ya goge, fayil ɗin yana cikin kwandonsa shi kaɗai. Shugaban makaranta zai buɗe nasa kwandon ya tarar wayam, ya ɗauka an yi masa sihiri ko sata. Idan mai fayil yana nan kusa, da sauƙi. Amma sau nawa yake nan? Ya samu aiki a Kwatano, ko ya tsallaka Najeriya, ko an rabu da shi baram-baram, ko ya manta kalmar sirri kuma layin wayar da ake turo masa lambar tabbatarwa ya ɓace tun bara. Akwai kuma wanda Allah Ya yi wa rasuwa. Google ya sanar cewa daga Disamba 2023 yana iya share asusun mutum da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba, tare da abin da ke ciki. Ke nan takardun ƙungiya guda suna iya bin asusun mamaci su tafi, 'yan ƙungiya suna nan da ransu.

Sai kuma cikar wuri. Asusun Google na kyauta gigabayit 15 ne, kuma Gmail da hotuna da Drive duk daga nan suke ci. Tun daga 2024 ajiyar WhatsApp ta wayoyin Android ita ma ta shiga cikin lissafin. Mu kuwa mutanen saƙon murya ne da bidiyon biki da na wa'azi. Wuri ya cika, saƙo ya daina shigowa, waya ta fara gargaɗi, sai mutum ya je ya zubar da kwandon shara gaba ɗaya don ya samu sarari. Da hannunsa ya rufe ƙofar da ta rage. A OneDrive na mutum ɗaya ma, idan kwandon ya cika, tsofaffin abubuwan da ke ciki suna tafiya kafin wa'adinsu.

Akwai wasu dalilan da ba su kai waɗannan muni ba amma suna tayar da hankali. Wani lokaci fayil yana nan lafiya, izinin shiga kawai aka cire wa mutum. Wani lokaci foldar da fayil ke ciki ce aka goge, shi kuwa yana nan a asusun mai shi, sai an neme shi da sunansa. Wani lokaci maidowa tana ƙi ne saboda an riga an sa wani fayil mai suna iri ɗaya a gurbin. Wani lokaci kuma layin intanet ne ya yanke ana tsakiyar aiki, ko wuta ta ɗauke, rabi ya dawo rabi bai dawo ba. Duk waɗannan mai sani zai warware su cikin ɗan lokaci. Wanda bai sani ba kuwa zai yi ta danne-danne har ya ɓata abin da da zai gyaru.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yadda mutane suka ɗauka cewa tunda fayil yana kwamfutar ofis, yana wayar shugaba, yana kuma intanet, to kwafi uku gare su. Manhajar da ke daidaita su aikinta shi ne ta mayar da su abu ɗaya. Ka goge a nan, ta goge a can. Ƙwayar cutar kwamfuta ta lalata na ofis, manhaja ta ɗauki lalataccen ta kai sama ta raba wa kowa. Da mutane sun san wannan, da abu na farko da za su yi ranar asara shi ne su cire ɗaya kwamfutar daga intanet kafin su kunna ta, domin sau da yawa tsohon kwafi yana kwance a cikinta. Wannan ilimi ne na minti biyu, amma ba wanda ya taɓa faɗa wa mai riƙe da littafin adashe a Kasuwar Arzeke.

Masu girma, ga bambancin da ya sa muka zo ƙofarku. Ma'aikatar da ke da asusun hukuma, irin Google Workspace, tana da mai kula da asusu wanda ke iya dawo da fayil har kwana 25 bayan an zubar da kwandon shara. Tana iya buɗe folda ta tarayya wadda fayilolinta na ma'aikata ne, ko wa ya tafi suna nan. A ɓangaren Microsoft akwai kwando na biyu a hannun mai kula. Mai asusun kyauta ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da ya rage masa shi ne ya cike fom da Faransanci ko Ingilishi, ya tura wa kamfanin da ke wata nahiya, ya zauna jira. Babu ofis, babu fuskar da zai gani, babu wanda zai ji shi da Dandanci ko Barganci ko Hausa ko Fulatanci.

Garuruwanmu sun san ajiya tun kafin a san kwamfuta. A ƙarni na 18 da na 19, ayarin fatake da ke tashi daga Kano zuwa Gwanja neman goro ta nan suke bi, ta Nikki da Parakou da Djougou, su sauka a zango. Bafatake yana barin kayansa da kuɗinsa a hannun fatoma ya yi watanni yana tafiya, hankalinsa kwance, saboda fatoman sananne ne, yana da gida, yana da suna da zai kare, kuma idan magana ta tashi akwai madugu da sarkin zango da za a kai wa. Ajiyarmu ta yau tana hannun wanda ba mu taɓa gani ba, a bisa sharuɗɗan da muka danna amincewa ba mu karanta ba. Ba mu ce a kore shi ba, domin yana mana amfani. Muna neman a samu wani a gida da zai tsaya tsakaninmu da shi.

Kada a ɗauka wannan matsalar ƙananan mutane ce kawai. Ranar 26 ga Satumba 2025 gobara ta tashi daga batura a cibiyar adana bayanan gwamnatin Koriya ta Kudu da ke birnin Daejeon. Ɗaruruwan ayyukan gwamnati na intanet suka tsaya. Yawancinsu an yi ta dawo da su sannu a hankali, amma akwai ma'ajiya ɗaya mai suna G-Drive, wadda ba ta da alaƙa da Google, inda ma'aikatan gwamnati ke zuba takardun aikinsu na yau da kullum. Kimanin terabayit 858 ne a cikinta, kuma ba ta da kwafi a wani wuri, saboda an ga ta yi girma da yawa. Ta ƙone da abin da ke ciki. Wannan ƙasa ce da duniya ke zuwa koyon fasaha a wurinta. Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka shafa wa naka ruwa.

A Faransa, ranar 10 ga Maris 2021, ginin kamfanin OVH da ke Strasbourg ya ƙone, shafukan intanet miliyoyi suka mutu a dare ɗaya, kuma wasu abokan cinikin da suka biya kuɗin kwafin ko-ta-kwana sun tarar kwafin nasu yana cikin ginin da ya ƙone. A watan Mayu 2024 kuskure a ɓangaren Google Cloud ya share asusun UniSuper, wata hukumar fansho ta Ostireliya mai mambobi sama da 600,000. Abin da ya taimaka wajen ceto su shi ne suna da wani kwafi a hannun wani kamfani daban. Amma labarin da ya fi kama da namu shi ne na kamfanin GitLab. Ranar 31 ga Janairu 2017 wani injiniyansu ya goge babbar ma'ajiyar bayanai bisa kuskure. Suna da hanyoyi biyar na ajiye kwafi. Da aka zo maidowa sai aka tarar ba wadda ke aiki yadda aka zata, domin an daɗe ba a gwada su ba. Wani kwafi da aka ɗauka sa'o'i shida kafin nan ne ya fitar da su, aikin sa'o'i shidan kuwa ya tafi. Su ƙwararru ne masu albashi mai tsoka. Ina ga sakataren da ke karɓar albashin da bai kai ƙarshen wata ba?

Mu ma mun ɗanɗana namu. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, kuma Benin na cikin ƙasashen da abin ya fi shafa. A waɗancan kwanaki duk wanda takardunsa ke sama kawai ya gane cewa ba su hannunsa. Agogon kwana 30 kuwa ba ya tsayawa don layinka ya yanke.

Saboda haka, ranku ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

Muna roƙon a buɗe teburin agaji a ofishin Magajin Garin Parakou da na Djougou. Ƙidayar 2013 ta nuna kowace daga cikin waɗannan ƙananan hukumomi biyu ta haura mutum 250,000, kuma tsakaninsu tafiyar sama da kilomita 130 ce, don haka tebur ɗaya ba zai ishe su ba. Ba sai an ɗauki sabbin ma'aikata da yawa ba. Gyaran tsarin ƙananan hukumomi da ya fara aiki a 2022 ya riga ya sa wa kowace jami'in da ke kula da harkar kwamfuta da bayanai. A ba shi izini da lokaci, a haɗa shi da ɗaliban Jami'ar Parakou masu neman wurin gwajin aiki, a sa lambar waya ɗaya da kowa zai sani. Aikin teburin shi ne ya karɓi mutum a ranar da ya zo, ya gano wane ne mai fayil, ya duba kwandon da ya dace, ya duba tarihin gyare-gyaren takarda, ya taya shi rubuta wa kamfani cikin lokaci, kuma idan abu ya tafi ya gaya masa gaskiya don ya fara tattara abin da ya rage daga saƙonni da takardun hannu. Gaskiyar nan ma taimako ce, domin tana hana mutum faɗawa hannun masu cewa za su dawo masa da komai idan ya ba su kuɗi da kalmar sirrinsa. Manhajar da ke tono abin da aka goge daga cikin kwamfuta ko filash ba ta da hanyar shiga rumbun kamfanin da ke Amurka ko Turai. Wanda ya karɓi kalmar sirri da wannan alkawari ya samu mabuɗin hotunan mutum da saƙonninsa da kwafin katinsa ne kawai. Hukumar bjCSIRT tana nan don tsaron intanet na ƙasa, muna roƙon muryarta ta iso arewa a kan wannan.

Muna roƙon a fitar da umarni a rubuce cewa duk takardar da ta shafi jama'a, a makaranta ko asibiti ko ofishin unguwa, kada ta zauna a asusun mutum ɗaya. A buɗe asusu da sunan ma'aikata, mutum biyu su riƙe ikon kula da shi. Ranar da ma'aikaci zai bar aiki ko aka yi masa canjin wuri, miƙa fayiloli ya shiga cikin takardar miƙa aiki, tare da makullan ofis da hatimi, kuma kada a rufe asusunsa sai an tabbatar komai ya koma hannun magajinsa. Makarantu da asibitoci masu zaman kansu da izinin gwamnati suke aiki, don haka ana iya sa musu wannan cikin sharuɗɗan izini.

Muna roƙon a wajabta kwafi na daban, wanda manhajar daidaitawa ba ta taɓa shi. Masana suna da ƙa'ida mai sauƙi: kwafi uku, a kan abubuwa iri biyu, ɗaya yana nesa da sauran. Ga ƙaramar makaranta, wannan bai wuce faifan ajiya guda da ake zuba masa komai duk ƙarshen mako, a cire shi, a kai shi wani gida ba. Amma wajabta kwafi kaɗai ba zai wadatar ba, domin labarin GitLab ya nuna mana abin da ke biyo baya. A wajabta gwaji. Duk wata uku a zaɓi fayil, a yi kamar ya ɓace, a dawo da shi daga kwafin, a rubuta rana da sakamako a littafi, shugaba ya sa hannu. Sufeton da ke zuwa duba rajistar ɗalibai ya riƙa duba wannan littafin ma. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan roƙo ya haɗa da ma'ajiyar gwamnati kanta: bayanan ANIP da na filaye da ke hannun ANDF da na makarantu su samu kwafi mai nisa da gaɓar teku, wanda ake gwadawa, kuma a riƙa sanar da jama'a cewa an gwada. Parakou, da jami'arta da matsayinta na babban birnin arewa, ta dace da karɓar irin wannan amana.

Akwai roƙo ɗaya da ba ya cin kuɗi ko dala, kuma a ganina ya fi sauran gaggawa. A cire wa ƙananan ma'aikata tsoron faɗin gaskiya. Yarinyar da ke aikin sakatariya ta goge folda bisa kuskure ranar Litinin. Ta san idan ta faɗa za a zage ta gaban mutane, a yanke mata albashi, ko a sallame ta. Sai ta yi shiru, tana gwada dabarunta a ɓoye, tana addu'ar kada a nemi fayil ɗin. Ranar da aka nema, wa'adi ya wuce. Da ta faɗa a ranar, da aikin minti biyar ne. Na ga irin wannan a wata ma'aikata da ba zan ambaci sunanta ba, kuma abin da ya fi ba ni ciwo shi ne an ɗora laifin duka a kan mafi ƙanƙanta a ofishin, alhali manya ne suka bar takardun shekaru a asusu ɗaya babu kwafi, suka kuma ba kowa ikon gogewa. Kuskuren hannu ba wanda ya fi ƙarfinsa. A rubuta a fili cewa wanda ya kai rahoton kuskurensa a ranar da ya faru ba za a hukunta shi ba, hukunci yana kan wanda ya ɓoye da wanda ya goge da gangan. Kuma a rage yawan masu ikon gogewa, domin mafi yawan masu shiga folda karantawa kawai suke buƙata.

Ga hukumar APDP, dokar 2017-20 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane nauyin kare su daga ɓata da lalacewa. Mai makaranta a Kpébié da ke riƙe da takardun haihuwar yara ɗari uku yana ƙarƙashin wannan doka, amma da wuya ya taɓa jin haka. Muna roƙon a fara da wayar da kai kafin tara. A fitar da jagora gajere, shafi ɗaya ko biyu, cikin harshe mai sauƙi. A karanta shi a tashar rediyon ƙasa da ke Parakou, da Deeman Radio, da Solidarité FM ta Djougou, da Barganci da Dandanci da Hausa da Fulatanci da Yom da Lokpa. A kuma sanar da masu riƙe da bayanai cewa idan takardun mutane suka ɓace a hannunsu, haƙƙin mutanen ne a gaya musu da wuri, don uba ya san ya sake kawo takardar ɗansa tun kafin ranar rufe rajistar jarrabawa.

Sannan muna roƙon a duba yiwuwar buɗe wa ƙananan ƙungiyoyi da makarantu ma'ajiya ta ƙasa a farashi mai sauƙi. Da yawa suna zaune a asusun kyauta ne saboda biyan kamfanonin waje yana neman katin banki da ba kowa ke da shi ba, alhali kusan kowa yana da kuɗin waya a MTN ko Moov ko Celtiis. Akwai manhajoji na kowa da kowa, irin Nextcloud, da gwamnatoci da jami'o'i a wasu ƙasashe ke kafa tasu ma'ajiyar da su. Idan za a yi, a yi shi da wa'adin kwandon shara mai tsawo, wanda ya yi la'akari da hutun makaranta da zagayen damina, da ma'aikacin da ake samu a waya, da kwafi a waje tun ranar farko. G-Drive ta Koriya ma ta gwamnati ce, kuma zamanta ta gwamnati bai hana ta ƙonewa ba.

Kafin duk wannan ya kankama, muna roƙon kada a yi gaggawar watsar da rajistar takarda a kan abubuwan da ba a iya sake su, musamman filaye da haihuwa da aure. Rikicin fili a garuruwanmu yana raba zumunci, yana kai mutane kotu shekara da shekaru, kuma idan shaidar da ta rage hoto ce a foldar wanda ya ɓace, mai gaskiya ne ke faɗuwa.

Mu ma ba mu naɗe hannu muna jira ba. Limamanmu da sarakunan zango da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na direbobi suna da bakin da jama'a ke saurara. Idan hukuma ta ba da jagora, za a karanta shi bayan sallar Juma'a, a tarukan ƙungiya, da wurin zubin adashe. Matasanmu masu ilimin kwamfuta a shirye suke su zagaya makarantu su taya a mayar da fayiloli asusun ma'aikata, idan suna da takardar izini da za su nuna.

Masu girma shugabanninmu, mun san buƙatun arewa suna da yawa, akwai tsaro, akwai hanya, akwai ruwa da wuta, kuma ba ma cewa wannan ya fi su. Amma yawancin abin da muka lissafa umarni ne da tsari, kuɗinsa kaɗan ne. Muna roƙon a fara da biyu mafi sauƙi kafin hutun makaranta mai zuwa: a fitar da umarnin da ya hana ajiye takardun jama'a a asusun mutum ɗaya tare da kare wanda ya faɗi kuskurensa da wuri, sannan a sanar da lambar waya da ranar zaman teburin agaji a Parakou da Djougou.